Dakoro: a duba bango kafin a ɗora rufi

Garin Dakoro yana arewa da Maradi, tafiyar kilomita wajen 120 ta hanyar Kornaka. Gari ne na manoma da makiyaya. Motoci suna zuwa da gero, su koma da bisashe. Rairayi da nauyin kaya suna cin mota, shi ya sa masu gyaran mota ba su rasa aiki a nan.

A gefen gari akwai wani tsohon gareji na ƙasa. Rufinsa na azara da ƙasa ne. Kowace shekara sai a ƙara masa yaɓe, har ya yi ciki, ya soma yoyo bisa kayan aiki. Yara masu koyon sana'a a ƙarƙashinsa suke yini. Mai garejin ya ce a kwashe ƙasar a sa kwano. Da magini ya zo, bai hau sama ba. Gindin bango ya fara dubawa.

Ga dalili. Rufin ƙasa mai kaurin santimita 20, kowane mita guda tsawo da faɗi, ya kai kilo 300, wato buhun gero 3. In ya sha ruwa, nauyin ya ƙaru. Kwano kuwa bai kai kilo 5 ba. To, amma rashin nauyi ma yana da nasa haɗari. Rufin ƙasa danne bango yake yi. Kwano kuma iska ce ke ɗaga shi. Iskar farkon damina tana shiga ta babbar ƙofar gareji, ta yi sama da rufin in ba a ɗaure shi da kyau ba.

Magini ya bi bango da hannu. Inda ruwa ya ci gindi, ya sa alama. Ya ga tsaga bisa ƙofa, ya shafe ta da laka, ya ce a jira kwana 7 a ga ko za ta sake buɗewa. Ya ƙwanƙwasa itatuwa ɗaya bayan ɗaya. Azarar giginya ta yi ƙara, gara ba ta taɓa ta ba. Itacen da ke bisa ƙofa kuwa wuƙa ta shige shi kamar kabewa.

Sai da aka gyara gindin bango, aka sake itacen ƙofa da ƙarfe, sannan aka ɗora katako. Aka ɗaure kowane katako da waya mai kauri, aka binne ta cikin bango. Aka yi wa kwanon gangare zuwa baya, aka jawo bakinsa waje don kada ruwa ya zuba a gindin gini.

A daminar 2024 ruwa ya rushe dubban gidaje a jihar Maradi, an yi hasarar rayuka. A Damagaram ma tsohon masallacin ƙasa ya faɗi.

Manoma da makiyaya, abin da ya shafi gareji ya shafi ɗaki da rumbu da shago. Ku duba gindi, ku duba tsaga, ku duba itace tun da rani. Tun ran gini, tun ran zane.