Faranti da kyandir a tsakar gidan yayana

Ranar da ɗan yayana ya dawo Tunuga daga Dosso bayan ya gama jarrabawa, ƙanwarsa mai shekara tara ce ta fara tarbarsa. Ta ɗauko farantin Inna, ta kafa guntun kyandir a tsakiya ta kunna, ta tsaya a bakin zaure tana zagaya farantin a gaban fuskarsa, sannan ta dangwala masa jan-baki a goshi. Inna dariya ta yi har da hawaye. Yayana kuwa da ya fito ya gani, sai ya karyo tsumagiya. Kafin magariba yarinya ta sha duka, an ƙwace wayar uwarta, an zare memorin da ake loda musu fassarar finafinan Indiya a Gaya.

Washegari bayan asuba ya same ni a ƙofar gida. "Kai da ka zauna da mutanen nan," in ji shi, "abin da ta yi bauta ce ko wasa?" Na ce, "Yaya, ka yi dukan tun jiya, sai yau kake tambaya?" Bai ji daɗi ba, amma ya zauna.

Kafin in shiga aikin koyarwa na yi shekara biyu ina tsaron shagon wani Ba'indiye mai sayar da yadi a Kwatano. Kowace Lahadi da yamma nakan kai kujeru da tabarmi gidansa, domin ƴan uwansa na taruwa. Ban taɓa zama cikinsu ba, ban kuma ɓoye masa dalili ba, sai dai daga baranda ana ganin komai, kuma shi mutum ne mai son a tambaye shi. Abin da na gaya wa yayana shi zan faɗa wa iyaye da malamai a nan, tunda na san ba gidanmu kaɗai ake wannan kallo ba.

Taron suna kiransa satsang, wato zama tare da masu neman gaskiya. Ana cire takalma a waje, a zauna a ƙasa, mai kuɗi da yaron shagonsa kafaɗa da kafaɗa. Sai a fara waƙoƙin bege da suke kira bhajan. Akwai nau'in da ake kira kirtan, inda mutum ɗaya ke bayarwa jama'a na amsawa, ana maimaita sunayen abin bautarsu da tafi da ganguna biyu ƙanana da ake kira tabla, ana ƙara sauri har zauren ya ɗauka. Wanda ya fi shahara da yaɗa wannan salo shi ne Chaitanya, da aka haifa a yankin Bengal a 1486. Fahimtarsu ita ce kowa na iya kusantar abin bauta ta hanyar ƙauna da ambaton suna, ko bai yi karatu ba, ko daga wane gida ya fito. Wasu kuma na jan carbi mai ƙwaya 108 a shiru.

Farantin nan da fitila shi ne aarti, kuma da shi ake rufe taro. Ana kunna lagwani da man shanu ko kafur, a zagaya wutar a gaban gunki ko hoto a matsayin miƙa haske gare shi. Daga nan a bi da farantin cikin jama'a, kowa ya ɗora tafukansa saman harshen wutar ya shafa a ido da ka, da nufin ya karɓi albarkar da suke ganin ta sauka a wutar. A gidaje kuma ana yi wa ango, ko baƙo, ko ɗan da ya dawo daga tafiya, don girmamawa da kore kambun baka. Wannan na biyun ne ƴar yayana ta gani a fim. Ɗigon goshi ma iri-iri ne. Tilak na addini ne, har yana nuna ɗariƙar da mutum yake bi. Jan garin da mace ke sawa a tsagar gashinta, sindur, alamar tana da aure ce. Ƙaramin ɗigon bindi kuwa yau ƴan mata da yawa kwalliya kawai suke yi da shi.

A ƙarshe ana raba alawa ko ƴaƴan itace da aka fara ajiyewa gaban abin bauta. Sunansa prasad, kuma a wurinsu ci ne daga ragowar ubangiji. Ranar farko da maigidana ya miƙo mini, na ce masa addinina bai yarda in ci abin da aka miƙa wa wanin Allah ba. Ya yi shiru, sai ya shiga ciki ya kawo mini wani daga kwalin da ba a buɗe ba. Tun daga ranar haka matarsa ke ware mini nawa. Ban rasa aikina ba, shi ma bai ji na wulaƙanta shi ba.

To, amsar da na ba yayana ke nan: asalin abin bauta ne, babu shakka, kuma ba daidai ba ne mu yaudari yara cewa al'ada ce kawai. Amma yarinyar ba ta san haka ba. Ta ga ana murnar dawowar ɗan uwa da wuta a faranti, ita ma tana murna, ta kwaikwaya. Tsumagiya ta koya mata cewa Baba ya yi fushi, ba ta koya mata dalili ba. Gobe za ta ga abin a wayar maƙwabta, ko a gidan kallo idan an je cin kasuwar Kamba ko Malanbil, kuma wannan karon ba za ta tambayi kowa ba.

Mu tuna cewa ba yaranmu ne suka fara ba. Tun a shekarun 1950 ƴan kasuwa Kwarori suka fara kawo finafinan Indiya silimun Arewacin Najeriya. A Kano har mawaƙan bandiri sun ɗauki karin waƙoƙin finafinan suka ɗora yabon Annabi a kai, akwai ƙungiyar da ta kira kanta Ushaƙu Indiya, kuma malamai sun yi ta saɓani kan halaccin hakan. Ko a can Indiya abin a cakuɗe yake. Ƙidayar 2011 ta nuna kusan kashi 80 cikin ɗari mabiya Hindu ne, Musulmi kuma sun haura miliyan 170. Wata fitacciyar waƙar bhajan a fim ɗin Baiju Bawra na 1952, wanda ya rubuta ta Shakeel Badayuni, wanda ya tsara kiɗan Naushad, wanda ya rera Mohammed Rafi, dukansu Musulmi ne. Kusa da mu ma, a unguwar Odorkor ta Accra, akwai gidan ibadar Hindu da wani ɗan Gana, Swami Ghanananda, ya jagoranta daga 1975 zuwa 2016. Yaron da zai tafi ci-rani Gana ko Legas ko Kwatano zai haɗu da mutanen nan a shago ko asibiti, gara ya tafi da sani.

Abin da nake yi a aji yanzu ba shi da wuya. Idan yaro ya ambaci wani abu daga fim, sai mu tambayi kanmu: wa ake yi wa wannan, kuma me masu yi suke nufi? Idan an nufi abin bauta ne, mun san ba namu ba ne, mu bar musu. Idan ladabi ne, kamar cire takalmi, ciyar da baƙo ko rusuna wa tsoho, sai mu duba yadda namu yake, tunda mu ma muna durƙusawa mu gaida iyaye. Abu ɗaya na hana shi ne ba'a. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa, kuma na lura yaron da ya saba yi wa addinin wani dariya ba ya daɗewa yake fara yi wa ɗan ajinsu na wata ɗariƙa.

Da daddare yayana ya kira ƴarsa, ni ina gefe. Ya faɗa mata abin da farantin yake nufi da bakinsa, da irin kalmominsa. Ta saurara, sannan ta ce, "To Baba, in Yaya ya sake dawowa, me zan yi masa?" Yayana ya kalle ni, ni ma na kalle shi. Inna ce ta amsa daga ɗaki, ta ce a zamaninsu ruwan sanyi ake kawowa a ƙwarya da fura, a karɓi kayan matafiyi, a yi masa barka da zuwa har sau uku. Wayar dai an mayar wa uwarta bayan kwana biyu, da sharaɗin ba a kallo sai da babba a wurin.