Ciwon Shawara Ga Jariri: Neman Magani Ba Ya Kore Tawakkali

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai jarraba bayinSa da cuta, Mai yaye musu ita a lokacin da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi masu karanta wannan fili, malamanmu sun sha yi mana bayani a kan haƙƙoƙin ɗa bisa mahaifansa, watau a zaɓa masa uwa ta gari, a raɗa masa suna mai kyau, a kuma ba shi tarbiyya da ilmi. To, akwai wani haƙƙi wanda ba a cika ambatonsa a wurin wa'azi ba, alhali kuwa sauran duka a kansa suke tsaye, shi ne a nema wa yaro magani da gaggawa idan ya kamu da rashin lafiya. A kan wannan muke so mu yi magana, bisa ga abin da muka gani da idanunmu, don kuwa gani ya kori ji.

A cikin daminar shekarar 2023 Allah Ya albarkace mu da ɗa namiji a garin Kusada, ranar wata Talata da hantsi. Aka yi masa kiran salla a kunne, aka shiga hidimar barka, aka tsai da Talata mai zuwa ta zama ranar suna. Ranar Alhamis da safe, da aka fito da shi bakin ƙofa cikin hasken rana don a yi masa wanka, sai muka lura farin idonsa ya koma rawaya, haka kuma goshinsa da ƙirjinsa. Kafin azahar ya rage kama nono, barci ya yi masa nauyi, har sai an girgiza shi kafin ya buɗe ido.

Nan fa ra'ayi ya rabu biyu a cikin gida. Kakarsa ta wajen uba ta ce shawara ce, ba baƙon ciwo ba ne, a shanya shi a rana da safe, a jiƙa saiwar rawaya a ɗiga masa. Gwaggonsa kuma ta ce ba ta taɓa ganin an fita da jariri da mai jego daga gida kafin suna ba, ga rago an riga an saya, ga goro an raba. Ba mu zarge su ba, domin ƙauna ce ta sa su faɗi haka, kuma sun raini 'ya'ya da yawa waɗanda irin wannan rawayar ta wuce musu ba tare da wata illa ba.

Sai muka kai maganar gaban limamin unguwarmu. Ya ce mana yankan ragon suna sunna ce abin so, amma kare rai wajibi ne, ba a kuwa barin wajibi saboda sunna. Ya tunatar da mu cewa littafin Risala na Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya ajiye yankan a rana ta bakwai, amma bai sharɗanta jaririn ya kasance a cikin gidan ba. Sa'an nan ya dubi kakar yaron ya ce, “Inna, ko a al'adarmu, wa ya taɓa ganin an kawo jariri zaure a wurin raɗin suna? Ku bar su su tafi, mu za mu riƙe musu addu'a.” Inna ta yi shiru, can ta tashi ta ɗauko mayafinta, ta ce ai da ita za a tafi.

Muka hau mota zuwa Babban Asibitin Kankiya. Malamin asibiti ya danna fatar yaron da yatsa, ya duba tafin hannunsa da na ƙafarsa, ya ce rawayar ta sauko ƙasa da yawa, nan take ya rubuta mana takarda zuwa Katsina. Da magariba muna sashen jarirai na Asibitin Koyarwa na Tarayya. Aka ɗebi jininsa da na uwarsa, aka tuɓe shi, aka rufe masa idanu da ƙyalle, aka kwantar da shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske.

Ga bayanin da muka samu, wanda ya kamata kowane magidanci ya sani. Jariri yakan zo duniya da jajayen ƙwayoyin jini masu yawa, idan suka farfashe sai su bar wani abu rawaya wanda likitoci ke kira bilirubin. Aikin hanta ne ta fitar da shi, amma hantar jariri ba ta gama ƙwari ba, saboda haka sai ya taru a jiki. Kimanin jarirai 6 cikin 10 da aka haifa bisa cikar wata, da 8 cikin 10 na bakwaini, suna yin wannan rawaya a makon farko, galibinsu kuwa takan wuce da kanta kafin mako biyu. Abin tsoro shi ne idan ta yi yawa ƙwarai takan shiga ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi har iyakar ransa, wani ma ta yi ajalinsa. Namu yaron, jinin uwarsa rukunin O ne, nasa kuwa B, wannan saɓani shi ya sa ƙwayoyin jininsa suka riƙa fashewa da sauri. Wasu yaran kuma, musamman maza, gadon wani rauni suke yi a jini, wanda ƙwallon kafur da ake sa wa a akwatin tufafi, ko lalle, ke tayar da shi. Ciwon cibiya ma yana jawo ta.

Ita kuwa fitilar nan, asalinta abin lura ne. A shekarar 1956, a asibitin garin Rochford a Ingila, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Jean Ward ta lura cewa jariran da take fitarwa cikin haske rawayarsu na raguwa. Likitoci suka bi diddigin abin, suka buga sakamakonsa a 1958. Hasken yana sauya wannan abu rawaya ne ya zama wanda jiki zai iya fitarwa ta fitsari da bayan gida. Ashe ke nan iyayenmu mata da ke cewa a sa yaro a rana sun hango wani yanki na gaskiya. Sai dai ranar ƙasarmu tsirararta tana ƙona fatar jariri, tana kuma busar da ruwan jikinsa, ba ta kuwa da ma'auni. Shi ya sa a wani gwaji da aka yi a Legas, wanda aka buga a 2015, sai da aka yi wa jariran rumfa ta musamman mai tace zafin rana, ana kuma auna jininsu.

Kwana shida muka yi. Uwar yaro tana shiga ta shayar da shi a kai a kai, domin an ce yawan shan nono na taimakawa wajen fitar da ciwon. An gaya mana idan awon bai sauka ba, sai an yi masa musanyar jini. Waɗannan darare ba mu san barci ba. Abin da ya riƙe zukatanmu shi ne tuna cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ma ya ɗanɗani ciwon ɗa, ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahimu wanda ya rasu a Madina yana shan nono, kuma shi ne ya umurci al'ummarsa da neman magani. Ran Asabar awo ya fara sauka. Ran Talata da asuba aka raɗa suna a zauren gidanmu a Kusada, aka yanka rago, mai sunan yana Katsina. Ran Laraba aka sallame mu, wanzami ya yi masa aski daga baya.

Amma likita ya ce a ci gaba da lura da jinsa da motsinsa. Saboda haka kowane mataki na girmansa ya zame mana abin jira. Ya yi murmushin farko wajen mako bakwai. Ya tsai da wuya a wata na huɗu. A cikin wannan watan ne aka ta da kiran sallar la'asar a masallacin kusa da mu, muka ga ya juya kai yana neman inda muryar ta fito, sai kakarsa ta fashe da kuka tana hamdala. Ya zauna a wata bakwai, ya yi rarrafe a tara, ya taka ƙafa bayan ya cika shekara da wata ɗaya. Nono zalla ya sha har wata shida. An yi masa allurar rigakafi a mako na 6 da na 10 da na 14, da ta ƙyanda a wata na 9. Game da shayarwa kuwa, aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku, kuma tarihi ya nuna Sayyidina Umar ya sa a riƙa ba kowane jariri rabo daga baitulmali tun ranar haihuwa, don kada iyaye su yi gaggawar yaye.

Don haka muna kira ga 'yan'uwanmu na Kusada da Kankiya da Ingawa da sauran wurare, ku riƙa duba jariri cikin hasken rana kullum a makon farko, ku dubi farin idonsa da dasashinsa, domin duhun ɗakin jego yana ɓoye ciwo. Idan rawaya ta bayyana a kwanan farko, ko ta kai tafin hannu da ƙafa, ko yaro ya ƙi nono, ko yana kuka mai tsini yana banƙarewa, ko ta wuce mako biyu, to, kada a kwana a gida. Muna kuma roƙon limamanmu su riƙa faɗin wannan a wurin raɗin suna, inda magidanta ke taruwa, domin maganarsu ta fi tamu shiga kunne.

Allah Ya raya mana zuriyarmu bisa tafarkin Musulunci, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba iyayen da suka rasa nasu haƙuri da lada, amin. Wassalamu alaikum.