Babur Marar Hayaƙi a Birnin Kigali

Da muka sauka a tashar mota ta Nyabugogo a Kigali, babban birnin Ruwanda, sai 'yan acaɓa suka yi mana caa. Kowannensu da riga mai lamba da hular kwano biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta fasinja. Muka hau. Abin mamaki, babur ya kama hawan tudu ba ƙara, ba hayaƙi. Ashe da lantarki yake tafiya.

Kigali gari ne bisa tuddai, babur yana shan mai ƙwarai. Ga shi ƙasar ba ta da bakin teku. Daga Darussalam ko Mombasa ake kawo fetur a tanka, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Amma wutar lantarki, suna samun mai yawa a gida, daga koguna da iskar gas ta tafkin Kivu.

Muna cikin tafiya sai aka ratse da mu wata rumfa. Nan aka zare batirin da ya yi sanyi, aka zura cikakke. Kafin mu gama gaisawa da masu rumfar har an gama. Wani kamfani mai suna Ampersand ya fara wannan aiki a 2019. Batir shi ne mai tsada a jikin babur ɗin, saboda haka kamfani ya riƙe shi. Ɗan acaɓa kuɗin caji kaɗai yake biya, kuma bai kai kuɗin fetur ba. Babu sayen baƙin mai, babu canjin fulogi. Abin da ya rage, shi ne na cefane da na makarantar yara.

Daga Janairun 2025 hukuma ta daina yi wa sabon babur mai fetur rajistar haya a Kigali. Amma kowane allazi da nasa amanu. Bakaniken da ya ƙware a gyaran inji, sai ya koma koyon sabon aiki.

Muka tuna da gida, yadda 'yan acaɓa da masu Keke Napep suka ji jiki da aka cire tallafin mai a 2023. Dabarar Kigali za ta taimake su, amma sai an sami wuta tsayayya, gama rumfar da ba caji ba ta ciyar da kowa.