Abokin da Aka Tsayar a Ƙofa

A fim ɗin Les Quatre Cents Coups, wanda François Truffaut ya fitar a 1959, akwai wani ɗan wuri da ake saurin wucewa. An kai Antoine Doinel, yaron da fim ɗin ke ba da labarinsa, gidan horon kangararrun yara saboda ya saci tafireta a ofishin mijin uwarsa, kuma garin mayar da ita aka kama shi. Ranar ziyara abokinsa René ya zo, aka tsayar da shi a ƙofa, Antoine na hangensa ta gilashi, sai René ya hau kekensa ya koma. Uwar kuwa an bar ta ta shiga, sai ta shaida wa Antoine mijinta ya wanke hannu daga lamarinsa. A ganina nan ne nauyin fim ɗin yake: doka ta san dangi, ba ta san wanda yaro ke jingina da shi ba. Wani zai ce ai René ne ya ɓata shi, tunda tare suke gudun makaranta su tafi silima. Da gaskiya a ciki, amma da Antoine ya bar gida, René ne ya nema masa makwanci. Truffaut kansa an tsare shi a irin wannan gida yana matashi, kuma abokinsa na ƙuruciya, Robert Lachenay, wanda aka gina René a kansa, yana cikin ma'aikatan fim ɗin.