Kunya a Gida, Kunya a Aji

A Gure, tsohuwar fadar sarakunan Muniyo, inda Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa ke cin kasuwa guda, ana auna yaro da mudu biyu. A gida, wanda ya sunkuyar da kai gaban babba shi ne mai tarbiyya. A lakkol kuwa, wannan sunkuyo kan sa malami ya rubuta cewa ɗalibi ba ya sa baki a darasi, har a ɗauke shi daƙiƙi.

Ilimin halayyar ɗan Adam da malami ya koyo wurin horo na su Jean Piaget ne. Ya bayyana yadda tunanin yaro ke girma mataki-mataki, amma ba shi da gurbin da zai ajiye kunyar da ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari.

Al'ummar Mawori ta ƙasar Niyu Zilan ta sha irin wannan. Suna da kalmar whakamā, 'yar'uwar kunya, wadda baƙo kan ɗauka taurin kai ne. A farkon shekarun 1980 likitansu na ƙwaƙwalwa, Mason Durie, ya kwatanta lafiyar mutum da ɗaki mai bango huɗu: ruhi, tunani, jiki da dangi. In ɗaya ya tsage, ɗakin ya karkace. Daga baya hukumomin lafiya na ƙasar suka rungumi wannan ma'auni.

Hausa ma tana da nata. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa kan mutumin kirki, inda ya jera halaye goma, cikinsu har da gaskiya, amana, haƙuri, kunya da mutunci. Tun da dokar 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya kamata waɗannan kalmomi su shiga horon malamai.

Malamin da ya san su ba zai tilasta wa yarinya ta dube shi ido cikin ido ba. Zai ba ta alli, ko ya sa ta cikin 'yan'uwanta mata su tattauna. Zai kuma rarrabe shirun ladabi da shirun wadda ake shirin cirewa daga makaranta a yi mata aure, alhali kunya ta ɗaure mata baki. Ta farko girmamawa take bukata. Ta biyu kuwa, sai malami ya taka har zauren mahaifinta.