Ranar da ake tada sabon inji

A wannan gari namu na Tamanrasset mota dukiyar gida ce. Da ita ake ciyar da iyali, da ita ake kai marar lafiya asibiti, da ita ake zumunci har Arlit da Agadas. Saboda haka idan injin tsohuwar Land Cruiser ya gaji, ba mu yar da shi. Mukan haɗa abin da muka tara, a sauke shi, a sa masa sababbin fistan da zobba, a mayar da shi mazauninsa. Daga nan sai ranar da zuciya ke bugawa, wato ranar tada shi karon farko.

Mun zauna wajen bakanike sau da dama a irin wannan rana, mun lura ƙwararre ba ya fara taɓa makulli. Yakan juya injin da hannu zagaye biyu, don injin 1HZ mai silinda shida, wanda Toyota ta fito da shi a 1990, idan bel ɗinsa ya kauce daga saiti, fistan na iya dukan bawul, aikin wata guda ya lalace nan take. Sannan ya duba baƙin mai da ruwa, ya cire wayar da ke buɗe wa gazuwal hanya, ya yi ta murza injin ba tare da ya kama ba, har mai ya ratsa ko'ina. Bayan haka ya fitar da iskar da ta maƙale a bututun gazuwal.

Sai a yi bisimilla a murɗa makulli. Idanunmu duka na kan jar fitilar mai. In ta mutu cikin 'yan daƙiƙu, sai ajiyar zuciya. In ta ƙi, a kashe injin maza, komai daɗin ƙararsa. Ɗan hayaƙin farko ba ya tada mana hankali. Abin dubawa shi ne yoyo a ƙarƙashi, da allurar zafi, da duk wani baƙon bugu.

Kama wuta kuwa somin taɓi ne. Sababbin zobba sai sun goga jikin silinda sun zauna daram, don haka ba a barin injin yana aiki a tsaye na dogon lokaci, ba a kuma labta masa kaya. A yi ta zagaya gari, a bi hanyar filin jirgi, gudu na hawa yana sauka, sannan a canja mai da wuri, domin ya kwashe ɓurɓushin ƙarfe.

Wani kan ƙosa ya mayar da kuɗinsa, ya ɗibi fasinja kashegari. Muna roƙon irinsa ya tuna tsakaninmu da In Gezzam kusan kilomita 400 ne, kuma inda inji ya tsaya a Sahara, ƙishirwa ke fara lissafi. Waɗanda ke cikin motar 'ya'yan wasu ne, amana ce a wuyan direba. Kwana goma na haƙuri bai kai ran mutum ɗaya ba.

Allah Ya kiyaye matafiyanmu, Ya sa albarka a sana'ar kowa, amin.