Dokin da Ya Fara Zaɓen Abinci

A bargar wani mai doki a Kano, ana saura makonni kaɗan a yi hawan sallah, ingarma ya fara shinshinar dusa yana kau da kai. Dawar da ya saba rububi, sai ya ɗan taɓa ya bari a komi. Mai dokin bai yi masa faɗa ba. Ya zauna kusa da turke yana kallon yadda yake tauna.

Tsofaffin masu barga sun san cewa doki ba ya ƙin abinci don iyayi. Haƙoransa na ciki suna ci gaba da fitowa shekara da shekaru, gefensu ya yi kaifi har ya yanki kumatu, sai ka ga yana zubar da harawar da ya tauna rabi. Wani lokaci kuma harawar ce ta yi fumfuna a rumbu, hancinsa ya riga na mutum ganewa. Ga tsutsar ciki.

Gaggawar sauya masa abinci ita ce babbar wauta, domin tumbinsa ƙarami ne, kuma doki ba ya iya amai. Sai mai dokin ya rage dawa, ya ƙara ciyawa mai kyau kaɗan-kaɗan, sannan ya kira likitan dabbobi ya goge haƙoran.